YADDA WAƘA TA ZAUNA A BAKINMU: TARIHIN KOYON WAƘA A IKILISIYARMU

Muna yi wa Allah Uba godiya, shi wanda ya kiyaye ikilisiyarsa a nan Danko har ta cika shekara hamsin. Da kwamitin biki ya raba aikin rubuta tarihi, aka ba waɗansu labarin ginin majami'a, waɗansu kuma jerin masu bishara da fastocin da suka yi hidima a cikinmu. Mu kuwa aka ce mu rubuta a kan waƙa da mawaƙa. Da muka zauna da dattawa da iyayenmu mata domin tattara labari, sai muka lura da wani abu. Tsohuwar da ba ta iya tuna shekarar da aka yi mata baftisma, da zarar an ɗauko mata kan waƙa sai ta kai ta har aya ta ƙarshe ba tuntuɓe, ga shi kuwa ba ta taɓa karanta ko baƙi ɗaya ba. Jikanta mai takardar sakandare, in aka ɗauke wuta majigi ya mutu, a tsakiyar aya ta biyu yake tsayawa. Saboda haka muka ga ya fi amfani mu bi sawun tambaya guda: ta wace hanya iyayenmu suka sa waƙa a ka har ta zauna?

KAFIN LITTAFI YA ISO

Ƙasar Zuru ba ta jira zuwan mishan ba kafin ta san waƙa. Samarin Lelna da suke yin golmo, wato noman da saurayi yake yi wa surukinsa shekara da shekaru tare da tsaransa, da waƙa suke ɗaga fartanya, da waƙa suke sauke ta. A bikin Uhola kuma akwai waƙoƙin da yaro yake tashi ya tarar da su a bakin manya. Ba wanda ya taɓa zaunar da saurayi ya ce masa yau za a koya maka waƙa. Yana jin mai bayarwa, yana amsawa tare da jama'a, kafin damina biyu ta wuce shi ma ya isa ya bayar. Wannan kunne da wannan ƙwaƙwalwa su ne jarin da bishara ta tarar a ƙasarmu.

Aikin mishan da ya haife mu ya soma ne a ƙasar Nupe, inda A. W. Banfield ya kafa tasha a Tsonga a shekara ta 1905. Daga can aikin ya yi ta hawowa arewa, ya kai Salka a ƙasar Kambari, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1920 'yan mishan na UMS suka zauna a Zuru, cikinsu har da 'yan'uwan nan biyu, Joseph da Paul Ummel. A 1931 aka buga Bisharar Markus da harshen Lelna, a 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito. Da yake ƙasarmu mai harsuna da yawa ce, ga Lelna, ga Fakkawa, ga Dukkawa, ga Kambari, sai Hausa ta zama harshen da yake haɗa mu a sujada, Littafin Waƙoƙi na Hausa kuma ya zama littafinmu. Waƙoƙi da dama a cikinsa fassara ce daga littafin Ira Sankey, mawaƙin nan na Amurka da ya yi yawon bishara tare da D. L. Moody.

Amma fa samun littafi daban, iya karanta shi daban. Ko bayan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, masu karatu a ƙauyukanmu ba su da yawa. Dattawa sun gaya mana cewa sa'ad da aka fara taruwa a nan ƙarƙashin rumfar kara, littattafan waƙa da suke cikin taron ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba, ɗaya na mai bishara ne, sauran na tsofaffin sojoji da suka komo gida bayan yaƙin basasa.

LAYI, SA'AN NAN LAYI

Hanya ta fari ita ce wadda mai bishara ya koyo a makarantar Littafi Mai Tsarki. Yakan karanta layi ɗaya da ƙarfi, jama'a su rera shi, ya karanta na biye, su rera. Haka har a gama. Waƙa mai aya huɗu takan ci lokaci kamar ƙaramin wa'azi. Muna yara muna zaton talaucinmu ne ya jawo haka. Sai da muka je makaranta muka karanta tarihin ikilisiya muka tarar Turawa ma ta nan suka bi. A 1645 aka kafa wani tsarin sujada a Ingila wanda ya ce, tun da yake mutane da yawa ba su iya karatu ba, sai mai hidima ya riƙa karanta zabura layi layi kafin a rera. Kafin su kuma, a Maimaitawar Shari'a sura 31, Ubangiji bai tsaya ga umurtar Musa ya rubuta waƙa kawai ba, ya ce ya koya wa Isra'ilawa har ta zauna a bakinsu, domin zuriyarsu ba za ta manta da ita ba.

Sai dai mai bishararmu na fari, Allah ya ba shi hutawa, yana da wata al'ada da muke gani ita ce asirin aikinsa. Ba ya yarda a rera sabuwar waƙa sai ya fara ba da labarinta. Yakan rufe littafin, ya faɗi abin da aya ta fari take cewa da Hausar kasuwa, ya sāke faɗa da harshen gida, ya tambayi mutum biyu ko uku su maimaita da bakinsu. Aya ta fari mai zunubi ne a ɓace, ta biyu an kira shi, ta uku ya zo, ta huɗu yana sa zuciya ga gidan sama. Wanda ya riƙe wannan jeri ba ya sa aya ta uku a wurin ta biyu, gama ba a isa gida kafin a tashi.

Yana da dalilin yin haka. Yawancinmu Hausa ba harshen uwa ba ce, Hausar littafin kuma tana da kalmomi masu nauyi. Akwai saurayin da ya yi shekaru yana jin tsoron kalmar Mai Fansa, domin fansar da ya sani ita ce ta ramuwa, wadda ake ɗauka a kan wanda ya yi maka laifi. Da aka bayyana masa cewa fansa a nan ita ce biyan diyya domin a saki bawa, sai waƙoƙin da yake ta fama da su suka shige masa cikin mako guda. Akwai kuma masu cewa sarki a inda littafi ya ce tsarki, har yau ma ba a rasa su ba. Kalmar da mutum bai gane ba, ita ce ta fara zubewa daga kansa, ko kuwa ya musanya ta da wadda ya sani.

Wata wahalar kuma daga muryoyin waƙoƙin ta fito. An tsara su ne domin Turanci, Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, mai dogon wasali da gajere. Kowa ya san kukan da jariri yake yi dabam yake da kukar da ake miya da ganyenta, amma muryar waƙar Turawa ba ruwanta, tana iya saukar da kai inda Hausa take so ka hau, sai mai kuka ya koma itace. Ba muna zargin masu fassara ba ne, sun yi aiki mai wuya da aminci, waƙoƙinsu kuwa sun yi renon bangaskiyarmu. Amma gaskiya ita ce irin waɗannan waƙoƙi sai an yi musu naci kafin su zauna.

MAKARANTAR IYAYENMU MATA

A nan ne ya kamata mu daɗe, gama in ana maganar riƙe waƙa a ka, Zumuntar Mata ce babbar makarantar ikilisiyar nan, ko da yake ba ta da allo ba ta da alli.

Matan ba su jira littafi ba. Sukan ji wa'azi ran Lahadi, kafin ranar taronsu wata a cikinsu ta mai da shi waƙa. Muryar daga cikin maganar take fitowa, inda Hausa ta hau waƙa ta hau, inda ta sauka ta sauka, don haka kunne ba ya gardama da ita. Ginin waƙar kuma irin na gida ne: mai bayarwa da masu amshi. Amshin gajere ne, ana koyonsa a ji biyu. Mace sabuwar zuwa takan shiga amshi a ranar da ta fara halartar taro. Tana amsawa, kunnenta yana kan mai bayarwa, bayan wata shida ta san ayoyin duka ba tare da ta san ranar da ta koye su ba. Ranar da mai bayarwa ta yi tafiya ko muryarta ta dushe, sai a ce wance ki ɗauka, ta kuwa ɗauka. Haka makaɗan Hausa suke renon yaransu. Su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da 'yan amshi suke tafiya, a cikin amshi kuma yaron makaɗi yake koyon sana'a. Haka ma Zabura ta 136 take, ayoyinta 26 ne, kowace aya da amshi iri ɗaya a ƙarshenta, domin taron da ba shi da littafi ya sami abin riƙewa.

Yawancin waƙoƙinsu labari ne: Nuhu da jirgi, Yusufu da 'yan'uwansa, Zakka a kan itace, ɗan da ya ɓace ya komo, budurwai goma da fitilunsu. Labari yana jan kansa da kansa. In Zakka ya hau itace, dole a ce masa ya sauko, mai waƙa ba ta bukatar wanda zai tuna mata abin da yake biye.

Ga kuma jiki. Ba a zaune suke koyo ba. Tulu yana bugawa, caki yana kaɗawa, ƙafa tana takawa, kowace gaɓar kalma tana da inda take faɗawa a cikin kiɗan. In kalma ɗaya ta ɓace, ƙafa ce take fara sanar da kai cewa akwai rami. Bayan an tashi taro kuma waƙar takan bi su gida, a yi daka da ita, a yi niƙa da ita, a je rafi da ita, a goya yaro da ita. Wata uwa ta ce mana ita ba ta taɓa ware lokacin koyon waƙa ba, turminta ne ya koya mata. In muka lissafta, waƙar da aka koya ran Talata an rera ta sau da yawa a wurare dabam dabam kafin Lahadi, kaɗan yau, kaɗan gobe. Mun gwada a ƙungiyar mawaƙa mun gani, maimaitawa kaɗan kaɗan cikin kwana shida ta fi a kwana ana fama da waƙa daren Asabar.

Mu maza, sai mu faɗi gaskiya, mun daɗe muna ɗaukar waƙoƙin mata kamar ba su kai na littafi daraja ba. Akwai lokacin da ba a ba su wuri a sujada sai wajen karɓar baiko. Amma yawancin labaran Tsohon Alkawari da 'ya'yan ikilisiyar nan suka sani, a bayan uwayensu suka fara jin su.

ALLO, ALLI DA FITILAR ƘWAI

Ƙungiyar mawaƙa irin ta murya huɗu ta kafu ne da zuwan malaman makaranta. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, shekarar da ƙasar Zuru ta shiga sabuwar Jihar Sakkwato, ya kawo matasan malamai ƙauyuka, waɗansunsu sun koyi do re mi a kwalejin horon malamai. Wannan hanya ta sol-fa wani fasto ne na Ingila, John Curwen, ya yaɗa ta tun daga shekarun 1840, bisa ga aikin wata malama mai suna Sarah Glover, domin talakawa da yaran makarantar Lahadi su iya waƙa ba tare da sun koyi rubutun kiɗa mai wuya ba. Ta taimake mu ƙwarai wajen riƙe murya. Wajen riƙe kalmomi kuwa ba ta yi mana kome ba, har mun ga mawaƙan da suka san do re mi na waƙa sarai, amma in aka ce su faɗi kalmominta sai su yi ta 'yan kame-kame.

Malamin da ya fara shugabantar mawaƙanmu ya gane haka, ya kuwa yi dabara. Yakan rubuta aya a allo, mu rera sau uku. Sai ya ɗauki tsumma ya share kalmar ƙarshe ta kowane layi, mu rera. Ya share rabin layi, mu rera. A ƙarshe ba abin da ya rage sai baƙin farko na kowane layi, daga nan ya share allon fes, ya juya mana baya ya ce mu tashi daga fari. Wanda ya kakare ba a gaya masa nan da nan, sai a bar shi ya yi ta lalube har ya kamo da kansa, gama malamin yakan ce abin da ka wahala ka tono ba ya sāke nutsewa da sauri. Kowa kuma dole ya kwafe waƙar da hannunsa a littafin rubutu mai ganye arba'in, ba a yarda wani ya kwafe wa wani ba.

Baƙaƙen farkon nan mukan rubuta su a tafin hannu ranar da za mu yi waƙa a gaban jama'a. Daga baya muka koyi cewa mawaƙan Isra'ila sun riga mu. Zabura ta 119 tana da kashi 22 bisa ga baƙaƙen Ibraniyanci, kowane kashi aya takwas, dukansu da baƙi ɗaya suke farawa, ayoyi 176 ke nan da aka jera yadda mai haddacewa zai san inda yake.

Wata dabararsa ita ce farawa daga aya ta ƙarshe. Ya lura kowa ya san aya ta fari domin ita ake ta maimaitawa, ta ƙarshe kuwa a gurguje ake bi ta kanta sa'ad da kananzir ya kusa ƙarewa mutane suna hamma. Don haka wani dare sai ya ce yau daga ta huɗu za mu tashi mu komo baya.

Ba kullum muka ji maganarsa ba. Akwai wata Kirsimati da mu samari muka koyo wata doguwar waƙa daga wata ikilisiya, muka ƙi haddace ta, muka dogara ga takarda guda da muka sa a gabanmu. Dare ne, a fili, iskar hunturu tana kaɗawa. Muna cikin aya ta biyu iska ta hure fitilar ƙwai, ta kuma yi gaba da takardar. Muka yi tsaye kamar an dasa mu. Sai wata uwa daga cikin duhu ta ɗauko waƙar haihuwar Almasihu irin tasu, mata suka amsa, taro duka ya ɗauka, mu kuma muka sulale muka zauna. Malam bai ce mana uffan ba, ran gwaji na biye dai da tsummansa ya zo.

REDIYO DA KASET

Sabon Rai Don Kowa, wanda aka fara a Jos a farkon shekarun 1960, ya kawo gajerun waƙoƙin bishara da ake koya a hanya, ana tafiya ƙauye zuwa ƙauye. Rediyo ma ya koyar. Shirye-shiryen Muryar Bishara a Jos ake ɗaukarsu a watsa daga Adis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Gidan rediyon ELWA na Laberiya ya ci gaba da shirin Hausa har yaƙi ya tsai da shi a 1990. Waƙar rediyo sau ɗaya take wucewa, don haka akan raba aiki, wannan ya kama aya ta fari, wancan ta biyu, a haɗa bayan an rufe shiri. Da kaset ya zo aka sami sauƙi, a tsayar, a rubuta, a mai da zare baya da biro domin kada batir ya ƙare. Har a lokacin, kai ne ma'ajin waƙa, na'ura mai bayarwa ce kawai.

Wanda yake shakkar abin da kan mutum zai iya ɗauka, sai ya tuna da Fanny Crosby, wadda waɗansu waƙoƙinta suke cikin littafinmu. An haife ta a Amurka a 1820, ta makance tun tana jaririya, ta rasu a 1915 bayan ta yi waƙoƙi fiye da 8,000. Tun tana yarinya ta haddace littattafan Musa biyar da Bishara huɗu. A ka take tsara waƙa ta gama, sa'an nan ta faɗa a rubuta mata. A nan arewa kuma maƙwabtanmu Musulmi suna da Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne shi ma, wanda ɗaruruwan baitocin Imfiraji suka fito daga kansa, makafi da almajirai kuma suka ɗauke su da ka suka kai su kasuwannin ƙasar Hausa.

INDA MUKE YAU

Wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, bayan 'yan shekaru kuma waƙa ta koma cikinta. Yanzu muna da kayan kiɗa na lantarki, muna da majigi mai haska kalmomi a bango. Ba mu ƙi su ba, mu ne ma muka sa hannu aka sayo su, baƙo kuma yana iya bin sujada tun ranar farko. Mawaƙanmu na yau sun fi mu murya, sun fi mu sanin kiɗa. Amma mun yi gwaji a taron matasa, muka ce a kashe majigi a rera waƙa guda daga Littafin Waƙoƙi, wadda ake rerawa kusan kowane wata. Aya ta fari ta tafi lafiya. A ta uku muryoyin tsofaffi biyu da suka zo rakiya kaɗai ake ji.

Da a ce zaman lafiya muke ciki, da sai mu ce wannan damuwar tsofaffi ce. Amma kowa a nan ya san abin da ya sami ƙaramar hukumarmu ta Danko/Wasagu. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da tamanin a ƙauyukanmu, Kirista da Musulmi, hare-hare kuma suka yi ta biyo baya. 'Yan'uwa da yawa sun baro gidajensu da dare, ba Littafi Mai Tsarki, ba littafin waƙa, waya kuma in ba a ƙwace ba, cajinta ya ƙare. Waɗanda muka karɓa a nan sun gaya mana cewa a kwanakin da suka yi a daji, abin da suka yi sujada da shi shi ne abin da yake kansu, a hankali, ƙasa ƙasa, don kada a ji su. Wata uwa ta ce da waƙar Daniyel a ramin zakoki ta hana jikokinta kuka. Bulus da Sila ma, a Ayyukan Manzanni sura 16, da tsakar dare suka yi waƙa a kurkukun Filibi, ƙafafunsu a turu. Ba su da littafi a hannu, fitila ma sai daga baya mai tsaron kurkuku ya ce a kawo.

Saboda haka majalisar dattawa, tare da shugabannin mawaƙa da na Zumuntar Mata, sun yarda da abu biyu domin wannan biki. Za a zauna da iyayenmu mata da suka haura shekara saba'in, namu da waɗanda gudun hijira ya kawo mana, a ɗauki waƙoƙinsu da murya, a kuma rubuta su, na Hausa da na harsunan gida, kowace rana kuwa 'yan mata biyu za su zauna cikin masu amshi. Wanda yake da tsohon littafin rubutu na waƙoƙi a cikin akwati, muna roƙo ya kawo wa sakataren ikilisiya, za a kwafe a mayar masa. Na biyu kuma, a sujadar godiya ran Lahadi, waƙar da za a rera kafin wa'azi ba za a haska ta a bango ba, za a kuma roƙi jama'a su rufe littattafansu. Lambarta tana cikin tsarin sujada a wannan littafi, ayoyinta huɗu ne, za a kuwa rera su duka.